Sun shiga gida ba waranti: shari'ar ta mutu ke nan?

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Gidanmu gidan gado ne, iyali huɗu muke ciki. Ranar Talata bayan sallar asuba wasu jami'ai suka shigo ba su nuna mana wata takarda ba, suka wuce shagon samari da ke jikin zaure, suka fito da wata jaka suka ce tabar wiwi ce da kwalaben kodin. Sun tafi da ƙanena, da wayarsa, da Keke Napep ɗin da yake haya da shi. Su uku ke kwana a shagon, shi kaɗai suka tarar. Wani ya ce mana tunda babu waranti shari'ar ta mutu tun ba a fara ba. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, Allah Ya kawo mafita, Ya ba ku juriya. Wanda ya faɗa muku haka so yake ya kwantar muku da hankali, amma maganar ba haka take ba, kuma gara ka ji daga bakina yau da ka ji daga bakin alƙali bayan wata takwas. A Najeriya rashin waranti shi kaɗai ba ya kashe shari'ar ƙwaya. Akwai abubuwan da ke kashe ta, har na hango biyu ko uku a cikin ɗan abin da ka rubuto, sai dai ba inda kuka zuba ido suke ba.

Ba ka faɗa mini jami'an wace hukuma ba ne, kuma daga nan lissafi yake farawa. Idan na NDLEA ne, wato hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, sashe na 41 na dokarta ya ba jami'inta damar shiga fili ko gini ko mota ya bincika ba tare da waranti ba, ya kama, ya ƙwace, muddin yana da dalilin da zai sa ya gaskata cewa wurin na da alaƙa da laifin ƙwaya. Sharaɗin shi ne dalilin, kuma a kotu ana iya tambayarsa mene ne dalilin nasa, yaushe ya same shi, a ina ya rubuta. Idan 'yan sanda ne, asalin ƙa'ida ita ce binciken gida sai da takardar da alƙali ko majistare ya sa wa hannu, ko da yake suna iya shiga ba takarda idan kama wani suka zo yi wanda suke da dalilin cewa yana ciki. Idan kuwa 'yan sintiri ne na unguwa, su ba su da hurumin caje ɗakin kowa. Iyakarsu su riƙe wanda suka kama da laifi su miƙa shi ga hukuma ba da ɓata lokaci ba.

To ina sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare sirrin mutum da gidansa da wasiƙunsa da wayarsa? Yana nan daram. Amma sashe na 45 ya halatta wa majalisa ta yi dokar da za ta taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da lafiyar jama'a, kuma a wannan inuwar sashe na 41 ya fake. Ko da ma an tabbatar cewa binciken haramtacce ne, akwai katanga ta biyu. Tun 1968 Kotun Ƙoli ta yanke wannan magana a shari'ar Musa Sadau, wadda ta taso daga nan Arewa kan jabun takardun lasin mota. An bincike gida ba bisa tsarin da doka ta shimfiɗa ba, lauya ya nemi a yi watsi da abin da aka samo, kotu ta ce muddin abin na da alaƙa da tuhumar, hanyar da aka bi aka samo shi ba ta hana a karɓe shi. Sawun wani hukunci na 1955 ta bi, shari'ar Kuruma, wadda ta taso daga Kenya zamanin Turawa.

Dokar Shaida ta 2011 ta ɗan sassauta, ba ta rushe ba. Sashe na 14 ya ce shaidar da aka samo ta haramtacciyar hanya karɓaɓɓiya ce, sai fa idan alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 15 ya ba shi ma'aunin: ƙarfin shaidar, muhimmancinta a shari'ar, girman laifin, girman saɓa dokar da jami'i ya yi, ko da gangan ne ko ganganci, ko an hukunta jami'in, da kuma ko da akwai yadda za a samo shaidar ba tare da an karya doka ba. Ka ɗora buhun wiwi a wannan sikelin ka ga inda zai rinjaya. Shi ne zuciyar shari'ar, laifin kuma babba, saboda haka da wuya alƙali ya ce a fitar masa da shi daga kotu don kawai ba a zo da takarda ba. Lauya zai yi jayayyar, ya kamata ma ya yi, amma ni ba na gina gida a kanta.

Ina zargin finafinai ne suka dasa mana wannan fahimtar. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1961, shaidar da ɗan sanda ya samo ta haramtaccen bincike ana iya zubar da ita ko da kuwa gaskiya ce tsagwaronta. A Indiya sashe na 50 na dokar ƙwayarsu ta 1985 ya ba mutum damar ya nemi a kai shi gaban majistare ko wani babban jami'i kafin a caje jikinsa, kuma mutane da dama sun kuɓuta saboda ba a sanar da su wannan dama ba. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin biyun.

Abin da muke da shi yana cikin Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA. Ita ce za ta yi aiki a kan ƙanenka idan da dokar NDLEA aka tuhume shi, domin Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin irin wannan shari'a. Jihar Kaduna na da tata ta 2017 don laifukan jiha, kuma sun yi kama sosai. Sashe na 149 na ta tarayyar ya ce a yi bincike a gaban shaidu biyu, a rubuta jerin duk abin da aka ɗauka, mai binciken da shaidun da wanda aka bincika su sa hannu, a ba shi kwafi. Sashe na 150 ya ba mai ɗakin ko wakilinsa damar tsayawa ya ga yadda ake binciken. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsohuwar dokar Arewa ta 1960 cewa ta yi a nemo mutum biyu masu mutunci daga unguwar, shi ya sa dattawa har yau suke tambayar ko an kira mai unguwa.

Mai gabatar da ƙara zai ce waɗannan sassa an rubuta su ne don binciken da aka yi da waranti, ba wanda aka yi da sashe na 41 ba. Maganarsa na da ƙafa. Amma sashe na 10 na ACJA bai bar masa wannan ƙofar ba: duk wanda aka kama, dole nan take a rubuta kayan da aka samu a wurinsa, jami'i ya sa hannu, shi ma ya sa, a ba shi kwafi ko a ba lauyansa ko wanda ya zaɓa. Kuma amfanin shaidun nan ba cika takarda ba ne. Su ne kariyar talaka daga a shafa masa kashin kaji, su ne kuma kariyar jami'i mai gaskiya daga a yi masa ƙazafin cewa shi ya shigo da kayan. Shi ya sa jami'in da ya san aikinsa yakan ɗaga hannu a bakin ƙofa ya ce a caje shi kafin ya shiga. Don haka ka zauna ka tuna da kyau. Wa ya ga lokacin da aka ɗaga jakar? Daga ina aka ɗauko ta, ƙarƙashin katifa ko bayan ƙofa ko saman rufi? Ƙanenka yana cikin ɗakin a lokacin, ko an riga an durƙusar da shi a zaure yana kallon bango? An zuge jakar a gabanku, ko sai a ofis aka ce ga abin da ke ciki? Idan mutum huɗu suka shiga ɗaki su kaɗai suka fito da jaka a rufe, ba a ce shari'a ta mutu ba, amma an samu tsagar da lauya zai sa ƙusa.

Ba ka ce sun shiga cikin gida ba, amma tunda gidan iyali ne bari in faɗa. Doka ta san da kulle. Idan ɗakin da za a bincika na macen da a al'ada ba ta fita bainar jama'a ne, kuma ba ita aka zo kamawa ba, sai an sanar da ita an ba ta sarari ta kauce kafin a shiga. Idan jikin mace za a caje, mace ce za ta yi, cikin mutunci. Keta wannan ba zai mai da wiwi ta zama ganyen zogale ba, amma yana shiga ma'aunin sashe na 15 na Dokar Shaida, kuma hujja ce ta ƙarar tauye haƙƙi mai zaman kanta.

Yanzu ga jimlar da ta fi kowace tsada a wasiƙarka: su uku ke kwana a shagon. Sashe na 19 na dokar NDLEA, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25, bai ce duk wanda aka samu ƙwaya kusa da shi ba. Cewa ya yi wanda ya mallake ta da saninsa ba tare da izinin doka ba. Ke nan wajibi ne gwamnati ta tabbatar da cewa kayan na ƙarƙashin ikonsa, kuma ya san mene ne, tabbatarwar da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba, kamar yadda sashe na 135 na Dokar Shaida ya ɗora mata. Shi ba sai ya wanke kansa ba, sashe na 36 na kundi ya riga ya ɗauke shi marar laifi. Kai ka san shagon samari a gidajenmu na Zariya. Ƙofarsa a waje take, labule ne ko kwaɗon da kowa ya san inda ake ɓoye makullinsa, abokai na shiga su yi cajin waya, almajirin gida na shiga ya ɗauki kwano, wani ya ajiye jaka ya ce zai dawo da magariba. A irin wannan ɗaki, cewa an samu jaka daban, cewa jakar wane ce daban.

Kada dai ka yi saurin murna. Hausawa na cewa ba ni na kashe zomon ba, rataya aka ba ni, to a dokar ƙwaya mai rataya ma yana ciki, in dai ya san zomo ne. Idan ƙanenka ya san abin da ke jakar ya bari aka ajiye a gefen katifarsa, cewa ta abokinsa ce ba za ta fisshe shi ba. Direbobin da ke lodi a Kwangila sun fi kowa sanin wannan. A ba ka kwali a ce saƙo ne na Kano, a tare ka a hanya a farke. Wanda ya rubuta sunan mai saƙo da lambarsa, ya karɓi kuɗin saƙo daidai da na kowa, ya sa kwalin a but tare da sauran kaya, yana da abin faɗa wa alƙali. Wanda aka ba ninki biyar na kuɗin, ya cusa kwalin ƙarƙashin kujerarsa, ya kuma taka mota da ya hango shinge, halinsa ya riga ya ba da shaida a kansa. Ba a buɗe ƙirji a ga sani, daga irin waɗannan alamu kotu ke ciro shi. Haka kuma yanayin kayan na iya sauya tuhumar. Idan a ƙulle suke ƙulli-ƙulli, ga ƙaramin sikeli, ga canji, sai a tafi sashe na 11 a ce dillanci ne, wanda hukuncinsa ke kaiwa ɗaurin rai da rai.

Daga nan sai tafiyar kayan, kuma nan ne aikin lauya na gaskiya yake. Gwamnati ba za ta ce wa alƙali ya sansana ya ji ba. Ko kwalbar da aka rubuta kodin a jikinta, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a maganin tari tun watan Mayun 2018, rubutun jikinta ba hujja ba ne sai an gwada ruwan. Yadda aka saba, ana kai mutum da kayan gaban jami'in ajiyar kayan shaida. A gabansa za a yi gwajin farko da ɗan sinadarin da ke sauya launi, a gabansa za a ɗora a sikeli, a ɗebi samfuri a sa a leda mai lamba a liƙe, a cike takardu: ta sakamakon gwajin farko, ta ƙunshe kayan, da ta neman gwajin masana. Shi da jami'ai duk su sa hannu. Samfurin ya tafi ɗakin gwaje-gwaje, wanda shekara da shekaru na Legas ne, sai a baya-bayan nan aka ƙara wasu a Abuja da Enugu, ya dawo a babban ambulan mai hatimi tare da rahoton masani. A kotu ake farke ambulan ɗin. Kowane hannu da kayan suka bi sai an san shi: wanda ya ɗauko daga shago, wanda ya riƙe a mota, wanda ya karɓa a ofis, wanda ya kai Legas, wanda ya dawo da shi. Abin da ake so a tabbatar shi ne ganyen da masani ya gwada shi ne dai wanda aka ɗauko daga Tudun Wada, ba na wani kamen da aka yi a Sabon Gari a daren ba. Idan lambar leda ta saɓa da ta takarda, ko nauyi ya ƙaru a hanya, ko kayan suka kwana uku ba wanda zai ce ga inda suka kwana, igiyar ta tsinke.

Na taɓa tsaya wa wani magidanci mai sayar da itace, wanda bai yi boko ba amma ya sauke Alƙur'ani. Da aka miƙo takardun a kotu na karɓa ina dubawa, sai na ga a kan biyu an sa hannu da wani lanƙwasasshen rubutun boko mai jela, irin na ma'aikacin banki. Ta ukun kuwa dangwale ne da shuɗin tawada. Na tuna ranar da ya zo ofishina ya sa hannu a takardar ɗaukar lauya, ya riƙe biro kamar alƙalamin kara, ya rubuta sunansa da ajami daga dama zuwa hagu, har da wasali. Na tambayi shaidan gwamnati ko a gabansa aka sa hannu a duka ukun, ya ce ƙwarai, a zama ɗaya. Na ce to mutum ɗaya ne ya yi wannan da wannan? Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ɗago ya dubi lauyansu. Fankar kotun kaɗai ake ji. Ba waranti aka yi gardama a kai ba ranar, ko sau ɗaya ba a ambace shi ba.

Sai dai duk wannan gini yana iya rushewa da takarda ɗaya, wato bayanin da aka rubuta a ofis, abin da mutane ke kira sitatimen. Mafi yawan shari'un ƙwaya da na ga an rasa, a nan aka rasa su, tun kafin lauya ya san da zancen. Yaro ya kwana biyu a tsare, a ce masa ka amsa kawai a sassauta maka, ya ce eh nawa ne. Da wannan kalmar an toshe maganar su uku ke kwana a shago. Kotu na iya ɗaure mutum da iƙirarinsa kaɗai idan ta gamsu da son ransa ya yi shi.

Kariyar da doka ta ba shi a nan ta fi ta bakin ƙofa ƙarfi nesa ba kusa ba. Sashe na 35 na kundi ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Sashe na 6 na ACJA ya wajabta a faɗa masa wannan dama lokacin kamu, a kuma sanar da danginsa. Sashe na 15 na ACJA ɗin ya yi maganar ɗaukar iƙirari a bidiyo, na 17 ya yi maganar a ɗauki bayani a gaban lauyansa, in babu a gaban jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko wani da shi ya zaɓa. An daɗe ana jayayya ko wannan dole ne ko ganin dama, har Kotun Ƙoli ta karkata ga cewa dole ne, a shari'ar Charles ta 2023 da ta taso daga Legas da ta Nnajiofor ta 2024. Ga sashe na 29 na Dokar Shaida da ya hana karɓar iƙirarin da aka samo da duka ko tursasawa, ga Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 da ta mai da dukan kansa laifi. Ka lura da bambancin: ƙwayar da aka samo ta haramtacciyar hanya alƙali na da zaɓi a kanta, iƙirarin da aka tatsa da azaba ba shi da zaɓi.

Akwai kuma batun harshe, wanda ya shafe mu ƙwarai. Yaro ya yi magana da Hausa, wani ya fassara, wani ya rubuta da Turanci, a ce ya dangwala. Idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, sai an kawo tafintan kotu ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ta zama ji-ta-ji-ta. Ka tambayi ƙanenka da wane harshe ya yi magana, wa ya rubuta, an karanta masa kafin ya sa hannu, wa ke ɗakin. Kuma ya gaya wa lauyansa gaskiya tun wuri, domin lokacin ƙalubalantar takardar shi ne daidai sa'ar da aka miƙa ta ga alƙali. Cewa tilasta ni aka yi yana sa a tsayar da komai a yi ƙaramar shari'a a kan wannan kaɗai. Cewa ban taɓa faɗin haka ba kuwa ba ya hana a karɓe ta, sai dai a auna nauyinta a ƙarshe. Mutane na cakuɗa biyun su yi asara. Haka nan ranar da aka fara karanta masa tuhuma, kada ya ce ya amsa don wani a harabar kotu ya raɗa masa cewa haka ya fi sauri. Wani lokaci amsawar ce mafita, akwai ma tsarin sasantawa a sashe na 270 na ACJA, amma shawara ce da ake yankewa bayan lauya ya ga takardun gwamnati, ba kafin ba.

Game da tsarewa, kundi ya ce a sanar da shi dalilin kamu a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kuma kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Shari'un ƙwaya na Zariya Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna ake kai su, tafiyar kusan kilomita 80, don haka za su ce kwana biyu ne nasu. To, biyun ne, ba mako uku ba. Wuce haka sai da umarnin kotu, wanda a karon farko ba ya wuce kwana 14. Daga Talata zuwa yau ka ƙirga da kanka. Idan wa'adin ya wuce, lauya na iya shigar da ƙarar kare haƙƙi a babbar kotu, ta jiha ko ta tarayya, ya nemi a sake shi ko a gurfanar da shi, har da diyya. Sau da yawa takardar ƙarar kaɗai ke sa fayil ya motsa. Kuma in sun dawo neman sauran samarin biyu ba su same su ba, sashe na 7 na ACJA ya hana a tafi da uwa ko mata ko kai kanka a madadinsu.

Napep ɗin kuwa, ba a cikinsa aka ce an samu komai ba. Idan na wani ne ya ba shi haya ko biya sannu-sannu, mai shi ya tattaro rasit da takardun rajista da yarjejeniyarsu, lauya ya rubuta neman a sake shi. Sashe na 10 ɗin nan ya ba da damar a bayar da kaya bisa sharaɗin a kawo su in an buƙata, in an ƙi a tafi kotu. Kada a yi sanya, domin idan aka rubuta cewa da shi ake rarraba kayan, za a nemi kotu ta mallaka wa gwamnati, kuma ko ba haka ba napep ɗin da ya yi damina ɗaya a filin ofis ya zama kwarangwal. Wayar ta fi wuyar fitowa da wuri, kuma duk saƙon da za a ciro daga cikinta sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida kan shaidar na'ura kafin kotu ta karɓa.

Kai ma ka yi hattara, tunda da alama kai ne babba a gidan. Sashe na 12 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 25 ga mai kula da gida da ya bari da saninsa ana ajiye ƙwaya a ciki, kuma tare wa jami'i hanya laifi ne na daban. Kada ka je ofis kana cewa ai mun daɗe muna yi masa faɗa a kan abin nan, kana ganin taimakonsa kake yi. Kada a ba kowa kuɗi don a kashe magana, kada kuma a tara yaran gida a koya musu abin da za su faɗa, domin shaidar da aka haddace tambaya uku take warwarewa. Abin da nake so ka yi daren nan shi ne ka ɗauki littafi ka rubuta komai tun ba a fara mantuwa ba: ƙarfe nawa suka zo, su nawa, da kaki ko kayan gida, wace irin mota, wa ya fito daga masallaci ya gani, me aka ce, me aka ɗauka, ko an ba ku wata takarda. Kowa ya faɗi nasa daban, ka rubuta yadda ya faɗa ko da ya saɓa da na wani. Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a a Kaduna, akwai kuma cibiyar taimakon shari'a ta Tsangayar Lauyoyi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo, ga ta nan kusa da ku.

In za ka sake rubuto mini, ka zo da amsar abu uku: sunan hukumar da ke riƙe da shi, ko ya riga ya sa hannu a wani bayani, da kuma ko ƙofar shagon nan tana da kwaɗo, in tana da shi mutum nawa ke da makulli.